Tsohuwar AMG ko sabuwa dal mai sauƙin kuɗi? Ga yadda zaka auna kafin ka tura ko sisi

Ranar Asabar ina zaune gidan wani abokina a Gwarimpa sai ga ƙaninsa ya shigo da waya a hannu yana ta rawar jiki, wai "Yaya dan Allah duba min wannan." Hoton Mercedes C63 AMG ce, wato samfurin gudu na Mercedes, baƙa wuluk 'yar 2012, salansa huɗu a baya, dillali ya ce mishi mai ita zai bar ƙasar ne shi yasa ya karyar da ita. Matarsa kuma ta kafe akan wata sabuwa fil 'yar China mai injin 1.5 da suka gani a shagon kamfani, wadda ma ta fi tsohuwar sauƙi da 'yan miliyoyi. Shi zuciyarsa na kan V8, wato injin tsohuwar mai silinda takwas, ita kuma tana cewa "Baban Amira motar da zata kai yara makaranta muke nema fa." Na ce mishi zauna, kawo biro da takarda. Abin da muka yi a wannan yammacin shi zan zayyano maka, saboda na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Kafin komai ka amsa min tambaya ɗaya tsakaninka da Allah: wannan motar ita kaɗai zaka mallaka, ko akwai wata a gida? In ita kaɗai ce, wato ita zata kai ka Sakatariya kullum, ita zata je Kasuwar Wuse, ita zata kai Hajiya asibiti ƙarfe biyun dare, toh rabin lissafin ya ƙare tun nan. Motar gudu mai shekara goma ko fiye dole wata rana ta kwana a gareji, kuma kwanan nata ba irin na Corolla bane da za'a leƙa Gudu ko Zuba a ɗauko kayan a ɗaura kafin la'asar. Wani abun sai an yi odarsa daga Dubai ko Amurka ko Jamus, sati biyu sati uku kana hawa Bolt kana biyan kuɗi motarka na can a lulluɓe da tamfol. In kuma kana da wata Camry ko Highlander da zata riƙe gida, wannan kuma ta yawon Asabar da Lahadi ce, toh mu ci gaba, akwai magana.

Yanzu mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi babu wanda ke sayen mota bai yi wannan lissafin ba sai wanda ba da guminsa yake sha ba. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu a ƙarshen 2024. C63 ɗin nan injinta lita 6.2 ne, silinda takwas, ƙarfin doki 451, daga tsaye zuwa gudun 100 wajen daƙiƙa huɗu da rabi. A cikin gari tana shan wajen lita 18 a duk kilomita 100, in ka shiga goslon Nyanya ko na AYA da AC a kunne ya wuce haka. Sabuwa mai 1.5 da turbo bata cika wuce 7 zuwa 8 ba. Da muka lissafa zirga-zirgar yaron nan, ofis da dawowa da yawon ƙarshen mako, ta kama kilomita 1,200 a wata. Kaga lita 216 kenan a gefe ɗaya, 96 a ɗaya gefen. Bambancin lita 120 duk wata. Ka ninka da farashin gidan man unguwarku na yau, ka sake ninkawa da 12, sai ka ga ashe kuɗin makarantar yaro ɗaya kake ƙonawa ta salansa. Wanda ya sayi rariya dai ya san zata zubar da ruwa, amma gara ka san girman hujin tun yanzu.

Akwai kuma ingancin man kansa, wanda 'yan kaɗan ne ke tunawa da shi. A Turai kana zuwa gidan mai zaka ga famfon 95 da na 98, wato lambobin ingancin fetur, mu nan fetur fetur ne, famfo ɗaya kowa ke sha daga Keke Napep har Range Rover. Su AMG da BMW M an ƙera su ne akan 98. Motar zata tashi da namu, zata yi tafiya, saboda kwamfutarta tana jin ƙarar ƙonewar mai tana rage wa injin kaifi don ta kare shi, amma ma'anar haka ita ce dawakan nan 451 da ka biya kuɗinsu ba duka kake hawa ba, kuma in ka matsa mata totur a zafin watan Maris injin yana wahala. Ka tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen mai mai methanol, layi ya cika Abuja, motoci da yawa suka lalace. A wannan fannin Ford Mustang GT mai 5.0 ta fi su haƙuri, don kamfanin ya yarda ta sha man da Amurkawa ke kira 87 a nasu ma'aunin, wanda ya yi kusa da namu. Shi yasa in mutum ya nace sai V8 nakan ce ya fara leƙa wajenta.

Sai hanyar gidanku. Wannan ba sai an yi dogon bayani ba, ka fita da ƙafa daga get ɗinka zuwa babban titi ka ƙirga bamp nawa ne, rami nawa ne, kuma gangaren shiga gidan yaya yake. Wanda ke Maitama ko Asokoro ko Wuse 2 daban, wanda ke cikin lungun Lugbe ko Lokogoma ko Dawaki inda kwalta ta ƙare daban. Motar nan ƙasa take sosai, bambar gaba zata dinga gogar ƙasa, rim mai siririyar taya rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Da damina kuma in ruwa ya taru irin yadda yake yi wajen Galadimawa da Lokogoma, kar ka kuskura ka ce zaka ratsa, in injin ya zuƙi ruwa ya buga kenan, babu wani gyara sai sabon inji.

Toh a ce duk wannan ka tsallake, har yanzu kana so. Ga yadda ake duba ta, kuma nan ne nake so ka nutsu.

Fara da lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ka ce dillali ya turo maka tun kafin ka taka ƙafa, in ya fara kame-kame ka riga ka samu amsa. Da yawa daga cikin motocin gudun da ke yawo a garin nan daga gwanjon Amurka suka fito, Copart da IAAI, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya cinye. Ka biya 'yan daloli ka ciro rahoton Carfax ko AutoCheck, sannan ka zuba lambar a Google kawai, sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan, zaka ga motar da ake ce maka "ko ƙwarzane babu" gabanta a murƙushe eyabag duk a waje. Hatsari ma in ƙarami ne kuma an gyara da kyau ana iya zama da shi in farashi ya sauka. Wadda ambaliya ta taɓa ita ce ba'a ko tsayawa ciniki, bayan guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022 dubban motoci ne suka nutse a Texas da Florida, kuma irinsu waya ce ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta ƙi shiga, rewaya ya zama kamar ɗan gidanku. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka ja bel har ƙarshe ka ga ko akwai alamar laka, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko ƙarfen ya yi tsatsa.

Lambar nan kuma ita zata gaya maka ko motar ita ce da gaske. Garin nan an ƙware da abin da suke kira ofgired, a ɗauko C300 a sa mata bamba da giril da salansa huɗu da tambarin AMG, ko Dodge Charger mai V6 a manna mata SRT, ko Mustang mai silinda huɗu a liƙa 5.0 a gefe. A motocin kamfanonin Amurka irin Ford da Dodge harafi na takwas a VIN shi ke nuna irin injin. C63 ta ainihi kuma in ka buɗe bonet akwai ɗan ƙaramin allo a saman injin ɗauke da sa hannun mutumin da ya haɗa shi a Affalterbach, don su AMG mutum ɗaya ke haɗa inji ɗaya. Ba'a rasa masu manna na bogi, don haka ka ƙirga koyil ɗin da idonka, takwas ne ko ba takwas ba.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ce kar a tada ta kafin ka iso. Kana zuwa ka ɗora hannu a bonet, in da ɗumi an riga ka, ka ce zaka dawo gobe. Inji mai sanyi baya ƙarya, a daƙiƙun farko zaka ji ƙas-ƙas ɗin sama in kamshaf ya fara cinyewa, zaka ga hayaƙi shuɗi in tana shan baƙin mai, fari mai kauri da baya ɗaukewa in ruwa na shiga inda bai kamata ba. Kowace irin mota da ciwonta da aka santa da shi. Injin 6.2 na AMG waɗanda aka ƙera kafin wajen 2011 an san su da tsinkewar kusoshin kan inji, alamarsa ruwan lagireto ya dinga raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba. BMW M3 mai V8 lita 4.0, wato E90 da E92, nata ciwon metal ne, wato boris ɗin karanshaf, masu ita a waje suna canza shi tun kafin ya lalace saboda in ya tafi da inji yake tafiya, kuma baƙin manta 10W-60 ne wanda ba kowane shago zaka samu na gaske ba. Porsche 911 da Boxster na wajen 1997 zuwa 2008 suna da wani boris da ake kira IMS mai irin wannan halin. Ka tambayi mai motar ko an yi waɗannan ayyukan, in ya ce eh ka ce ina rasit.

Kuma ka je da makanikenka, wanda kai zaka biya, mai sikana ta gaske wadda ke karanta irin motar, ba 'yar ƙaramar nan ta dubu kaɗan da ake haɗawa da waya ba. Ya duba ko an goge kod, wato bayanin matsala da kwamfutar motar ke ajiyewa, kwanan nan, ya duba ko mitar da ke dashbod ta yi daidai da wadda ke ajiye a sauran kwamfutocin motar don mayar da mita baya ba wani aiki bane a wajen mutanen nan. A ɗaga ta sama a leƙa ƙasa. Indomi ɗinta, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan ko an fasa an sayar an toshe da bututu? Tamostat na nan ko an cire an haɗa fanka dairek? In an yi wannan biyun ka san irin hannun da ta biyo.

Wannan maganar ta fanka ba a littafi na karanta ta ba. Shekarun baya na taɓa riƙe wata 'yar Jamus mai silinda takwas, na saye ta hannun wani dillali da ya rantse min har da dafa kai cewa daga jirgi sai hannuna. Wata biyu ina jin daɗina, in na hau titin Eyafot da daddare sai in ji kamar ni na gina shi. Rannan a goslo allurar zafi ta fara hawa, na kai ta wajen wani makanike da aka yaba min, ya leƙa ya ce "Alhaji ai wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne, mu nan cirewa muke." Na ce toh Oga kai ka sani. Ya cire, ya haɗa fanka tana ta juyi tun daga tada mota. Allura ta sauka, na ba shi kuɗi har da na goro. Ashe famfon ruwa ne ke mutuwa, abin da ya yi ɓoye ciwon kawai ya yi. Bayan sati uku a hanyar Kubwa tururi ya turnuƙe bonet, gasket ta ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Wata huɗu tana kan jak, na sayar da ita ƙasa da rabin abin da na zuba. Shi yasa nake cewa ka nemo makaniken kafin ka nemo motar. Ka shiga Apo ka yi tambaya wa ke taɓa irin wannan injin, ka je ka ga garejinsa, in ka ga irinta biyu uku a ajiye kuma masu su na dawowa da fara'a, toh. In babu, ka haƙura da wannan samfurin ko da kyauta aka baka.

Taya ma ka duba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. C63 tayoyinta na gaba da na baya ba girma ɗaya bane, 235 a gaba 255 a baya, don haka babu zancen juya su don su daɗe, kuma na baya ba sa jimawa. In ka ga na baya sun suɗe sumul ko an sa sababbi masu arha na gaba kuma tsofaffi, ka duba cikin mudgad ko akwai ɓurɓushin roba a manne, alamar yaran nan masu wasan mota ranar ɗaurin aure sun sha juyi da ita kenan. Juye kuma wajen lita takwas da rabi take ci na sintetik mai lambar Mercedes 229.5, kusan ninki biyu na ƙaramar mota. Faifan birki da fad nata kar ka tambayi dillali, ka tambayi mai shago da kanka ka rubuta, farashin dala yake bi, kuma ka ga yadda dala ta yi daga wajen 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024.

Takardu a gurguje: na kwastam ka kai ofishinsu a tabbatar an biya diyuti cikakke kuma lambar shasin ta dace, don mota mai ɗaukar ido ita ake fara tsayarwa a hanyar Kaduna ko Lokoja. Canjin mallaka ka yi shi a VIO da ke Mabushi da kanka. Inshora kuma ta dubu 15 ɗin nan da aka koma tun Janairun 2023 wanda ka buge kawai take biya, naka gyaran babu ruwanta, cikakkiya kuwa hukumar inshora NAICOM ta ce kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. A ce motar miliyan 40 ce, miliyan 2 kenan duk shekara, ka sa a takardar.

Kar kuma ka ɗauka sabuwar ba ta da nata. Abin da kake saye a wajenta kwanciyar hankali ne da garanti, toh ka karanta takardar garantin da kyau, shekara nawa, kilomita nawa, me ya shiga me bai shiga ba. Yawanci sharaɗin shine duk sabis a wajensu zaka yi kuma akan lokaci, ka kai wa na bakin titi sau ɗaya sun samu hujjar zamewa. Ka tambaya ko suna da wajen gyara a nan Abuja ko sai an tura Legas. Dabarar da nake yi ita ce in ce wa mai sayarwa, a ce yau ɗan acaɓa ya fasa min fitilar gaba da bamba, kuna da su a sito yanzu, nawa ne? Yadda ya amsa zai nuna maka komai. Ka duba shekarar ƙira a jikin ƙofa, akwai "sabuwa" da ta shekara biyu tana shan rana a fili. Da yawa daga cikin masu 1.5 turbo ɗin nan giyarsu mai kuloci biyu ce, bata son jan ƙafa a goslo, ka gwada ta a cunkoso ka ji ko tana fizga. Sannan ranar sayarwa, kasuwarmu Toyota da Honda da Lexus ta sani, 'yar China ko Koriya zaka sauke farashi sosai kafin a ɗauka. Sai dai tsohuwar AMG ma masu sayenta ba su da yawa, kuma duk wanda ya zo zai zo da sikana kamar yadda kai ka je.

Zancen daɗin tuƙi kuwa gaskiya ba haɗi, ƙarar V8 in ta buɗe maƙogwaro babu wata 1.5 da zata kama ƙafarta, ni ban taɓa musun wannan ba. Amma ka tuna dokar hanya gudun 100 ta yanke wa ƙananan motoci a babban titi, kuma titin Kubwa da na Eyafot mutane na tsallakawa da ƙafa ko da gada a kusa. Dawakan nan sau nawa zaka sake su a wata? In abin da kake so ɗan kuzari ne da kyan gani, akwai ta tsakiya da mutane ke rainawa, Lexus IS350 mai V6 lita 3.5, doki sama da 300, makanikan Toyota sun saba da danginta kuma kayanta ba sai an jira jirgi ba.

Ƙa'idar da na ba yaron nan ita ce, in zai sayi tsohuwar, bayan ya biya kuɗinta ya zama akwai aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na farashin a ajiye a wani akawun daban da ba na haya ko makaranta ba, na motar ne kawai, don shekarar farko sai ta nemi taya da birki da shokozoba da wani abin da ba wanda ya hango. In sai ya kwashe duk abin da yake da shi har da rancen kofaretif kafin ya kai farashin, toh bai kai ba tukuna. Da muka gama tara lissafin shekara uku, mai da juye da taya da inshora da ajiyar gyara, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce "Yaya bari dai in tura mishi ya turo lambar shasin." Dillalin ya karanta saƙon, alamar shuɗi biyu ta fito, har muka yi sallar magariba muka ci tuwo bai turo ba.